Mai a Ramin Fulogi

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki. Ya aiki, ya sanyin duwatsun nan naku? Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. An sallamo Babanki daga asibiti, yana gida, yana cin abinci, yana samun barci. Da wannan na fara don hankalinki ya kwanta kafin ki karanta saura.

Direban da ke kai muku kayan abinci na ba wannan takarda. Wayarku sai an hau tudu ake samu, kuma ko an samu ba na iya sakin baki, don ɗakin Babanki na jikin nawa, kunnensa kuwa babu abin da ya same shi. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na shiga aji.

Ɓarin hagu ne ya taɓu, hannu da ƙafa, harshensa ma ya yi nauyi. Likita ya ce zai tashi in dai zai yi motsa jikin da ma'aikaciyar asibiti mai gashin ƙashi ke nuna masa. To ba ya yi. Tana zuwa da sanda mai ƙafa huɗu da ƙwallon roba, sai ya juya fuska bango. Tun da aka dawo da shi bai taka tsakar gida ba. Ɗan dakalin ƙofar ɗakinsa, wanda bai kai tafin hannu ba, kallonsa yake kamar bakin rijiya. In abokansa na garejin bas suka zo dubiya sai ya ce in ce yana barci, don kada su ji yadda maganarsa ta koma. Mai gashi ta ja ni gefe ta ce, "Mama, in aka bar ƙafar nan haka za ta sandare, in ta sandare kuwa sai dai haƙuri." Tun da ta faɗa min haka abinci ya daina yi min daɗi.

Sai maganar tsohuwar motar da ku biyu kuka yi shekaru kuna gyarawa. Kawunki direba ya zo ya yaye tamfol. Ashe ya yage ta wajen inji, ruwan sama ya yi ta zuba ba mu sani ba. Ya sa sifana a babban notin da ke ƙasan fanka, ya danna har gumi ya keto masa, ko gezau. Ya ce injin ya cije, ya zama dutse, gara a cire shi a ba masu sayen tsohon ƙarfe, shi ya san inda za a samo na zamani a ɗora. Ya je bakin taga ya gaya wa Babanki. Na ɗauka za a yi faɗa, tunda kin san yadda yake cewa motar nan da injinta ta zo duniya, da shi za ta bar ta. Sai kawai ya ce, "Ku kwashe duka."

Auta, mutumin da ya hana ni shanya ko ɗankwali a jikin motar nan, yau shi ke cewa a kwashe. Na fi jin tsoron wannan magana a kan ta likita.

Na ce wa Kawunki ya dakata sai na ji ta bakinki. Ki gaya min abin da zan yi. Kuma ki dinga sa abin toshe kunnen nan in kina kusa da manyan injuna, na san ki da mantuwa.

Innarki.

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode wa Allah da ya dawo mana da Baba gida. Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina ƙoshi, ina toshe kunne. Na nemi hutu, sun ce sai an gama haɗa babban injin madatsar ruwa. Ki gaishe min da Baba, ki ce masa ɗalibarsa na nan tana cin abinci da abin da ya koya mata.

Kada ki bari Kawu ya kusanci injin nan da dogon ƙarfe. Tuƙi ya iya, amma bai taɓa buɗe gaban mota da hannunsa ba sai don ya nuna wa makaniki inda yake jin ƙara. Injin bai mutu ba. Tsatsa ce ta manne fistin, wato ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin inji, a jikin ramukansa, ita kuwa tsatsa da lallashi ake rabuwa da ita.

Ke za ki yi aikin, Inna. Na san kin zaro ido. Ki buɗe jan akwatin Baba, za ki ga sifana mai kama da bututu. A saman injin akwai wayoyi huɗu masu kauri, kowace ta sauka kan wani farin abu kamar ɗan yatsa. Shi ne fulogi. Kafin ki cire wayoyin ki ɗaura musu zare kala daban-daban, don a gane wurin kowace. Ki kwance fulogan, za ki ga ramuka huɗu. Ki haɗa baƙin mai da dizal rabi da rabi, ki zuba wa kowane rami kamar ludayi guda, ki toshe bakin da tsumma.

Daga nan kowace safiya ki sa giya ta huɗu, ki saki birkin hannu, ki samu wanda zai taya ki, ku tura motar gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai jijjiga jariri. Ban da ƙarfi. Idonki na kan fanka. Ranar da ta motsa ki rubuto min, zan gaya miki abin da za a yi a gaba.

Abu ɗaya kuma: kada ki tambayi Baba komai, kada ki roƙe shi ya duba. Kin fi ni saninsa, in aka roƙe shi ba ya yi. Ki dai yi aikinki, motar ai tana daidai tagarsa.

'Yarki,
Auta.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardata za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Babanki na nan yadda yake, jini bai hau ba, yana shan magani. Ni ce dai bayana ke ciwo, kuma ke kika ja min.

Na yi yadda kika ce. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta ba ni zare ja da kore da ruwan ɗorawa da baƙi, ta kuma tsaya kallo tana cewa, "Maman Auta, yanzu da girmanki za ki fara kanikanci? Bari in ɗinka miki wandon aiki." Na ce ta ɗinka biyu, don ita ce za ta yi turi.

Na ɗora sifana kan fulogin farko, na yi ta murɗawa, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi har na cije leɓe. Sai na ji murya daga taga, a hankali, da nauyin harshen nan: "Ɗaya ɓarin." Ashe ɗaurewa nake yi. Ban juya ba, na dai murɗa ɗaya ɓarin, ya kwance. Mai ɗinki ta buɗe baki za ta yi magana, na taka mata ƙafa.

Mazurarin kicin na ɗauko da tsohon ludayina. Yanzu ludayin ya tashi daga na miya.

Kullum da safe muna jijjiga ta. Ni a baya, mai ɗinki a gefen ƙofa tana leƙen fanka. Motar tana zuwa gaba kaɗan sai ta tokare kamar an riƙe ta. Fanka ko motsi. Mai ɗinki ta ce jikokinta duka ba su ba ta wahalar jijjiga irin wannan ba, su aƙalla suna yin barci.

Babanki bai ƙara cewa komai ba. Har yanzu in mai gashi ta zo bango yake kallo, jiya ma da ƙwallonta ta koma. Amma labulen tagar da yake sa in sake, yanzu kullum ina samunsa a ɗage ta gefe ɗaya, kuma ba ni ke ɗagewa ba.

Kawunki ya sake zuwa ya ce masu injin zamani ba za su jira mu har abada ba. Na ce su je. Amma ki gaya min gaskiya, Auta, akwai injin da ba ya saki? In ya ƙi fa, a gaban idon Babanki? Wani lokaci sai in ga kamar gara da ban fara ba.

Innarki.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Shiru ban ji daga gare ki ba. Direba ya ce ruwa ya cinye hanyarku, takardata ta baya ma tana aljihun motarsa, amma zai gwada ta zagaye. Allah ya sa ba ku kusa da ruwan. Kada ki tsaya a bakin madatsa kina leƙe, na san halinki. Mu lafiya, Babanki ma da sauƙi.

Ga labari mai daɗi. Fanka ta motsa.

Muna cikin jijjiga shekaranjiya, mai ɗinki na ba ni labarin wata da ta kawo mata yadi bai isa ba tana son riga har ƙasa, sai muka ji wani ƙas daga cikin inji, motar ta zarce gaba fiye da kullum, saura kaɗan in kifa. Mai ɗinki ta ce, "Wallahi ta juya." Muka sake turawa, ta sake juyawa, da nauyi amma tana tafiya. Na zauna a ƙasa ina hamdala. Na saci kallon taga, na ga hannunsa na dama riƙe da ƙarfen taga. Ranar ya cinye abincinsa tas.

Na jira takardarki ta gaya min abin da ke gaba, ba ta zo ba. Kuma sai ga zanzaro yana zagaya ramukan, har ya fara ɗora laka a kan tsumman guda. Na ce bayan wannan wahala ba zan bari ƙwaro ya gina gida a ciki ba. Da yamma, Babanki na barci, na cire tsummokaran, na ƙara mai a kowane rami har ya cika taf, don kada tsatsa ta samu wurin dawowa. Na mayar da fulogan na ɗaure tam, na mayar da wayoyi kowace a wurinta bisa zaren. Da kin gani da kin yaba min, komai tsaf.

Kawunki ya yi tafiya. Ya ce da ya dawo ƙarshen mako zai zo da baturi da ɗan fetur mu tayar da ita. Ina so Babanki ya ji kukan motarsa daga kan gado, ko Allah zai sa a dace.

Innarki.

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri, ki yafe min gajartawa. Lafiyata lau, ruwa bai zo inda muke ba. Takardunki biyu yanzu suka iso tare.

Kada a murɗa makulli. Ko Kawu ya zo da baturi, ki ɓoye makullin, ki zauna a kansa in ta kama. Mai ba ya matsuwa, Inna. In aka juya inji da ramuka cike da mai kuma fulogi a rufe, fistin zai taso ya rasa inda zai tura man, sai ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe ko ya fasa jikin injin. Murɗawa ɗaya ta isa. Daga nan babu gyara, sai maganar Kawu ta tabbata. Dole a cire fulogan duka, a juya inji man ya fito, sannan a yi maganar tayarwa.

Laifina ne da na raba miki bayanin biyu. Na hau tudu na yi ta neman wayarki, ruwa ya lalata layin gaba ɗaya. Na ba wani abokin aikinmu da zai fita da babur wannan takarda. Allah ya sa ta riga Kawu zuwa.

Auta.

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ki kwantar da hankalinki, injin lafiyarsa ƙalau, mu ma haka. Takardarki ba ta riga Kawunki ba. Mai babur ya kawo ta washegari, na karanta a tsaye. Ki gode masa, ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

Ga yadda aka yi. Kawunki ya iso da hantsi, da farar rigarsa an sha guga, baturi a kafaɗa. Mai ɗinki ta shigo, har da mai gashi da ta zo aikinta aka kore ta kamar kullum, ta tsaya kallo. Yana ɗaura baturi ni kuma ina ba shi labari da alfahari, daidai ƙasan tagar Babanki. Na ce, "Na cika ramukan da mai har baki, na rufe su ruf." Ya ce, "Madalla, Yaya. Mai ai ba ya yi wa inji yawa."

Na ji Babanki ya yi magana daga ɗaki. Ban gane abin da ya ce ba, kuma Kawunki na ta surutu a kan wata mota da ya taɓa tayarwa a tsakiyar daji. Na ce, "Ina zuwa, Malam, shayin na kan wuta." Ya sake magana da ƙarfi. Na ce ina zuwa. Sai na ji ƙarar kofi ya faɗi.

Kawunki ya shiga mota ya zauna, yana gyara madubi, kamar wanda zai yi doguwar tafiya. Ya miƙo hannu in ba shi makulli. Na tafi ɗauko shi a kan ƙusa. Ina juyowa na ga Babanki a ƙofar ɗaki, babu hula, babu takalmi, ya dafa sandar nan mai ƙafa huɗu da ya ƙi ko kallo. Mai gashi ta yunƙura za ta tare shi, sai ta fasa, ta bi bayansa kawai da hannuwa a buɗe ba ta taɓa shi ba. Ya sauke sandar ƙasan dakali, ya sauke ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Ni na daskare da makulli a hannu. Ban san yadda ya ƙetare tsakar gidan ba, na dai san ban yi numfashi ba sai da ya dafa jikin mota.

Ya buga sandar a taya ya ce wa Kawunki, "Fito."

Kawunki ya ce, "A'a, yau manya ne a waje? Sannu da fitowa, ango."

Babanki ya ce, kalma ɗaya-ɗaya, amma kowa ya ji, "Shekara nawa kana tuƙi? Kai da buhun da kake ɗauka, iliminku ɗaya. Cire fulogi."

Kawunki ya ce, "Alhamdu lillahi, baki ya warke. Yaya, ashe zagi ne maganin, da tuni na kawo kaina."

Ni ban tsira ba. Ya kalle ni ya ce, "Ke kuma, kwalbar man girki ce?" Na ce zanzaro ne. Ya ce, "Zanzaro ya fi ku tausayin inji."

Mai ɗinki ta kawo kujera ya zauna. Ni na cire fulogan, tunda Kawunki bai san ma wace sifana ba ce. Babanki ya ce kowa ya matsa baya. Kawunki ya ce shi sai ya ga yadda abin yake, ya bar min makulli ya leƙa kansa kan inji. Babanki ya ɗaga min gira. Na murɗa.

Auta, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mai ya yi tsiri daga ramuka huɗu, baƙi ƙirin da jar tsatsa, har saman katanga. Farar rigar Kawunki, da fuskarsa, da gemunsa, da zanin gadon da na shanya. Ya tsaya yana ƙifta ido. Babanki ya yi dariya da rabin baki har hawaye, har tari ya sarƙe shi na tsorata. Mai gashi ta ce in bar shi, wannan ma motsa jiki ne.

Ranar ba a tayar da ita ba. Ya ce sai an zubar da tsohon mai, an wanke wurin shan fetur, an duba wayoyi. Ya aika aka kira abokansa biyu na garejin bas, waɗanda yake sa in ce musu yana barci. Kullum yanzu suna nan, shi a kujera yana ba da umarni, in ba su gane maganarsa ba ya maimaita har su gane, da zagi a kai. Hannun hagun yana ɗora shi kan tsumma ya danne fulogi, yana gogewa da na dama. Ya ce in gaya miki dizal ɗinki ya yi yawa a haɗin, kuma ɗalibin kirki ba ya ba da rabin bayani. Ya ce kuma ki kula da kanki. Wannan a hankali ya faɗa, yana kallon wani wuri.

Jiya ta tashi. Ta yi tari, ta mutu, ta sake tari, sannan ta kama. Hayaƙi ya cika layinmu har mai shagon kan kwana ya zo da bokitin ruwa. Babanki ya sa aka ɗora masa tafin hannu a kan murfin inji, ya rufe ido yana saurare. Ya ce akwai ɗan ƙara a rami na uku, amma za ta yi.

Da mai gashi ta zo yau, tun kafin ta ajiye jaka ya tambaye ta yaushe ƙafar hagu za ta iya taka kuloci. Ta ce ba yanzu ba, kuma sai in zai yi motsa jiki safe da yamma babu fashi. Ya ce, "Da rana fa? Me kike yi da rana?"

Yanzu haka suna tsakar gida, ina jin ƙarar sandar, yana mata faɗa wai tana saurin cewa a huta. Ki rubuto masa ki ce kada ya kuskura ya hau titi sai likita ya yarda. Ni in na faɗa ba zai ji ba, kuma na ga yadda yake kallon ƙofar gida.

Innarki.